Ranar da Ummanku Ta Hana a Haɗa Hassan da Husaini

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami a wannan babi, ko da yake ban so rubuta shi ba, domin mutum biyun da maganar ta shafa duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma da muka je biki Nguru kwanakin baya, auta ta dawo mota idonta ja-wur. Ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki a tsakar gida tana cewa, ai wannan 'yar Babarbariyar nan ce da ta yi wa yayan mijinta rashin kunya a gaban malamai. To, tunda maganar ta ƙi mutuwa, gara ku ji ta daga bakin wanda aka yi a gabansa. Ni ina tsaye a wurin, kuma ban manta ko tari ɗaya da aka yi ba.

Sai na fara da kakanku, Malam Habu. Daga Haɗeja ya zo Nguru yana saurayi, ya yi fataucin fata da ƙirgi a bakin tashar jirgi har ƙarfinsa ya ja baya, sannan ya koma ga littattafansa. Duk azumi, bayan la'asar, yakan zauna a zauren gidanmu ya yi wa 'yan unguwa tafsiri. Ba shahararre ba ne, ko a bayan layin dogo ba a san shi ba. Amma muryarsa, Allah Sarki! Murya ce mai ɗan kaushi, a hankali take tafiya, yana cikin fassara sai ya kawo misalin mai tauye mudu a kasuwa, ya yi 'yar dariya shi kaɗai kafin mutane su gane su taya shi. Ni kuwa a lokacin ina da shagon kaset a Gashuwa, ina ɗaukar wa'azi da waƙoƙin biki, daga baya har da bidiyo. Duk azumi sai in rufe shago da wuri in hau mota da rikodata, in kafa masa makirfo a kan matashi. Yana yi mini tsiya yana cewa na zo kama iska in zuba a gwangwani, amma bai taɓa hana ni ba.

Yayana Sule, wanda kuka tashi kuna kira Baba Alhaji, shi bai taɓa zama a wannan zaure ba. Azumi lokacin kasuwa ne, kullum yana hanyar Kudu da shanu da busasshen kifi. Shi yake ciyar da gidan gaba ɗaya, amma Malam irin mutanen da ne, ba ya yabon ɗa a gaban ɗa. Wata rana wani ya tambayi ina Sule, sai Malam ya ce, “Sule dai ya zaɓi hanya.” Magana ce ta fatar baki, amma aka kai wa Yaya ita, ya haɗiye ta ta tsaya masa a ƙirji. A ganinsa Malam ya sallama shi ne don ya bar karatu ya bi dukiya. Kuma da Malam ya tashi rasuwa, Yaya yana kan hanya, ya iso ya tarar har an yayyafa wa kabari ruwa.

Yanzu ga Ummanku, Falmata, Allah ya haskaka makwancinta. 'Yar Karasuwa ce, ta yi karatun kwamfuta tun zamanin da mutanenmu ke zaton talabijin ce mai makulli, kuma tana aiki a wani ofis a Gashuwa. Mace ce mai ƙarancin magana, idan ta yi kuwa, an gama. Kuma ina so ku riƙe wannan da kyau: tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa kallon fuskar Yaya Sule ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko yaron maƙwabta mai suna Sule, “mai sunan Yaya” take ce masa. Idan tana da magana da shi, ko yana zaune a gabanta, sai ta durƙusa daga gefe ta juyo wurina ta ce, “Maigida, ka faɗa wa Yaya abinci ya sauka.” Shi ma ta wurina yake ba ta amsa. Haka al'ada ta tanada tsakanin mace da yayan mijinta, ita kuwa har ta fi al'adar tsanantawa.

Ita ce ta dame ni da cewa kaset ba ya dawwama, zafin garin nan yana cinye zarensa. Da ƙyar na yarda muka sayo kwamfuta biyu na hannu daga Kano, iri ɗaya sak, har na yi musu suna Hassan da Husaini don tsokana, ita kuma ta rubuta musu sunayen a cikinsu da gaske. Ta zauna wata da watanni tana juye kaset-kaset ɗin Malam a cikin Hassan, ɗaya bayan ɗaya. Hassan shi ne mai aiki, yana kan tebur, yana da fuska, wato allon kallo, da lasifika. Husaini kuwa ba fuska ba baki, ajiya ce kawai aikinsa. Wata doguwar waya shuɗiya ce ta haɗa su, kuma ta koya wa Husaini darasi guda: da zarar ya ga Hassan, ya mai da kansa kamarsa. Abin da ke cikin Hassan ya kwafa, abin da babu a cikin Hassan ya share, don cikinsa ba shi da girma, bidiyon bikin da muka riga muka ba masu shi ba sai ya ci gaba da riƙewa ba. Sannan ta sa kafinta ya buga katako can sama daf da rufi, aka ɗora Husaini a kai.

Na ce mata, “Wai jeren amarya kike yi mini a shago?”

Ta ce, “A gidanmu ba a ajiye iri tare da hatsin ci. Na ci a ƙasa, iri a sama.”

Na yi dariya na bar ta. A shekarar da nake ba ku labari, damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya ƙi tsayawa a bakinsa. Mutanen Gashuwa sun saba da ruwa ya leƙo ya koma, shi ya sa da aka ce yana tahowa, sai muka jera buhunan yashi a ƙofa muka ce ya isa. Da hantsi ya shigo layinmu, kafin azahar ya kai wa mutum ƙugu a cikin shago. Da ya janye muka buɗe ƙofa, wallahi abin ba kyan gani. Laka ta shafe komai. Kwalayen kaset ɗin Malam, da muka sauko da su ƙasa tunda an gama juye su, sun zama curi guda, zaren ya manne ya yi funfuna. Hassan ya sha ruwa har ya ƙoshi. Ummanku ta kwance shi ta duba faifan da ke cikinsa, wato inda yake adana komai, ta girgiza kai ta ce sai dai haƙuri. Sai muka ɗaga kai tare. Husaini yana can sama a kan katakonsa, ruwa bai taɓa shi ba, sai dai raɓa da ɗanshi. Duk duniya babu sauran inda muryar Malam take sai cikin wannan akwati guda, kuma ta ce kada wanda ya kunna shi sai ya bushe sarai.

Yaya Sule yana jin labari ya zo da a-kori-kurarsa. Ku san wannan game da shi: mutum ne mai zafi, amma hannunsa a buɗe yake. Ya dubi lakar nan ya ce ba zai bar ƙaninsa a bakin kogi ba, mu tattara mu koma gida. Ya gyara mini shago a jikin zauren Malam, ya shafe shi da fenti. Ya tafi Kano da kansa ya sayo sabuwar kwamfuta dal a kwalinta. Ya sa ranar buɗe shago, ya gayyaci limamin unguwa da tsofaffin da suka zauna gaban Malam, aka yanka rago. Burinsa guda ne: sautin farko da zai fita daga shagon nan ya zama muryar mahaifinmu, a ƙofar zauren da ya yi karatu. Ni na san abin da bai faɗa ba. Yana so ya zauna a tafsirin da bai taɓa zama ba. Ni na riga na taho da kaya, Ummanku kuma aiki ya riƙe ta a Gashuwa, sai da safiyar ranar ta iso. Abin da ta ce mini kafin in taho shi ne, kada a haɗa komai sai ta zo.

Ta iso ta tarar an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, malamai sun zauna, janareto yana ruri. An ɗora sabuwar kwamfuta da Husaini a tebur ɗaya, an ba su wuta duka biyu. Tunda Husaini ba shi da baki, dole sai an haɗa shi da sabuwar kafin a ji komai, kuma ga Yaya tsaye da shuɗiyar wayar nan a hannu, an riga an cusa kai ɗaya a bayan Husaini, yana jiran isowarta ya cusa ɗayan. Ta shigo ta ƙofar cikin gida, ta durƙusa ta gaida jama'a da mayafinta a ja har goshi. Yaya yana murna ya dube ni.

Ya ce, “Ka faɗa mata ta kwantar da hankalinta, komai na mayar yadda yake. Mai shagon a Kano ya tambaye ni sunan da za a rubuta a cikinta, na ce Hassan. An mayar wa marigayi da sunansa, kada Husaini ya yi maraici.”

Tsofaffi suka yi dariya, suna ta madalla. Ai haka muke yi, wanda ya tafi a mayar da sunansa ga wanda ya zo. Ni ma na yi dariya. Amma da na dubi Ummanku sai na ga ita ba ta yi dariya ba, ta ƙura wa wayar ido.

Ta ce, “Maigida, ka faɗa wa Yaya ya dakata. Kada ya sa wayar nan.”

Na faɗa. Yaya ya ce, “Me ya faru kuma? Ga mutane suna jira.”

Ta ce, “Ka faɗa wa Yaya, Husaini ba shi da wayo, biyayya kawai ya iya. Idan ya ga Hassan, zai mai da kansa kamarsa. Wancan Hassan cike yake. Wannan fanko ne, babu komai a cikinsa. Ana haɗa su zai share duk abin da yake riƙe da shi, kafin a gama shan ruwa.”

Na maimaita, ko da yake kowa ya ji. Yaya ya ɗan yi tsaki, ba na raini ba, na mai gaggawa. Ya ce inji ba zai zubar da kayansa don ya ga ɗan'uwansa ba, kuma mai shagon Kano ya ce masa a haɗa kawai. Ya sunkuya zai cusa wayar. Daidai nan sai wani ɗan sauti ya fito daga cikin Husaini, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera yana gurgurar ƙwarya. Ni ban san ma'anarsa ba. Ita ta sani. Ɗanshi da girgizar hanya sun taɓa faifan, ya fara mutuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da tsohuwar nan take kira rashin kunya. Ummanku ta miƙe, ta ratsa ta gaban malamai, ta zare kan wayar daga bayan Husaini, ta danna ta kashe shi. Ta ja wayar a hankali har ɗaya kan ya zame daga hannun Yaya, ta naɗe ta a hannunta, ta tura cikin mayafi. Sannan ta zube a ƙasa a gabansa, gwiwa biyu, ta ɗaga kai ta dube shi. Karo na farko ke nan tun aurenmu.

Ta ce, “Yaya, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. Amma yau ba za a ji Malam ba.”

Liman ya yi gyaran murya ya ce ko za a canza sunan kawai a ci gaba. Ta sunkuyar da kai ta ce sunan mai sauƙi ne, amma faifan ya kamu da ciwo, juyin da ya rage masa kaɗan ne, idan aka ƙarar da shi wajen sauraro ba za a sami na kwashewa ba. Yaya bai ji wannan ba. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ya ce, “Ni za a hana muryar ubana? A ƙofar gidan ubana? A gaban mutanen ubana?” Ya juyo kaina. “Karɓo wayar nan daga hannun marar kunyar matarka.”

'Ya'yana, an ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ni ban taɓa saɓa wa Yaya ba. Shi ya yi mini aure, shi ya kafa mini shagon farko. Kuma gaskiya ban fahimci rabin abin da ta faɗa ba. Abin da na fahimta shi ne wannan: macen da ba ta iya kama sunan yaron maƙwabta saboda kunyar mutumin nan, yau ta dubi tsabar idonsa. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya fi kunyarta nauyi a wurinta, ba ƙaramin abu ba ne.

Na ce, “Yaya, ka gafarce ni. Abin da ta ce shi za a yi.”

Yaya ya juya mini baya. Ya sa takalmansa ya shige gida. Malamai suka yi addu'a a gurguje, aka raba nama, kowa ya kama gabansa yana satar kallonmu.

Bai kore mu ba, kada wani ya gaya muku haka. Da na je mayar masa da kwamfutar ma, ya aiko a ce mini shi ba ya kyauta ya karɓe. Amma ya daina amsa gaisuwata, matan gida suka daina amsa tata. Idan ta shiga madafa sai hira ta mutu. Ba a zama a haka. Na ajiye makullin shago a hannun uwargidansa, muka ɗauki shatar mota muka koma Gashuwa, shagon da har yanzu yake warin laka. Duk tsawon hanyar nan mai ramuka, Ummanku ta cire faifan daga cikin Husaini ta naɗe shi a zani, ta rungume shi a cinya kamar jariri, duk inda mota ta faɗa rami sai ta ɗaga shi sama. Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta ko share ba don hannuwanta ba su da sarari. A ranar na ji tausayinta har ƙirjina ya yi zafi, kuma a ranar na san irin matar da Allah ya ba ni.

Abu na farko da ta yi, ta kunna sabuwar kwamfutar ita kaɗai ta goge sunan Hassan. Na tambaye ta me za ta sa.

Ta ce, “Wanda ya biyo tagwaye ai sunansa a yanke yake. Gambo.”

Dariyar farko ke nan da muka yi tun barinmu Nguru. Ta sa faifan Husaini a jikin Gambo a matsayin baƙo, yadda ba shi da ikon share komai, kuma ba a rubuta komai a kansa, kwasa kawai ake yi. Sai ga wata matsala: da ya ɗan yi aiki ya ɗau zafi, sai ƙas-ƙas ɗin nan ya dawo, komai ya tsaya. Don haka sai da sanyin safiya take aikin, kafin ta tafi ofis. Ta ɗora faifan a kan murfin randa don sanyin ƙasa, ta saita masa fanka, ta zauna da kunnenta a kusa da shi. Da ta ji alamar sautin sai ta kashe, sai kuma gobe. Wutar gari ba ta yarda da ita ba ko sau ɗaya, sai janareto, shi ma sai ya daidaita. Akwai bidiyon bukukuwan mutane a ciki da ba mu kai ga ba su ba, na ce ko za a fara da su, don masu shi suna ta sintiri a ƙofa. Ta ce masu biki suna raye, amarensu ma suna raye, Malam ne ba zai sake magana ba. Muka fara da Malam. Wasu daga cikin masu bikin sun yi fushi sun bar ni har abada, kuma ban ga laifinsu ba.

Wata safiya faifan ya yi ƙas sau ɗaya, ya yi shiru, bai ƙara juyawa ba. Karatun ƙarshen azumi guda ya tafi da shi, da bidiyon mutane da dama. Sauran karatun Malam duk ya haye cikin Gambo. Na ce alhamdu lillahi, a aika wa Yaya yau ɗin nan. Ta ce a'a, abin da ba ka saurara ba, ba ka san kana da shi ba, don suna yana iya hayewa ya bar muryar a baya. Haka ta bi su ɗaya-ɗaya tun daga farko har ƙarshe, tana tsintar shinkafa tana ji, tana yi muku kitso tana ji. Kun tashi da muryar kakanku a kunne ba ku san dalili ba. Ta sayo wa Husaini sabon faifai, ta canza masa darasi: ya kwafa, amma kada ya ƙara share komai sai da izinin mutum. Ta kuma juye komai a faya-fayan sidi ta kai Karasuwa, mahaifiyarta ta sa a kwalla ta rataye tare da iri. Ana cikin haka sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya aiko mana daga Nguru, mu muka aika aka karɓa ba amsa.

Wata rana da yamma na dawo na same ta zaune shiru gaban Gambo. Ta ce in zauna in ji wani abu. Ta kai ƙarshen wani zama na tafsiri, inda Malam ya shafa fatiha, jama'a suka tashi, ana jin ƙarar takalma. A nan nake kashe kaset duk lokacin da na saurara, don a ganina karatu ya ƙare. Ashe rikoda tana ci gaba da juyawa yayin da nake waje ina sallamar baƙi, makirfo kuma yana daf da bakinsa. Ita ba ta yanke komai ba lokacin da take juyewa. Sai na ji muryar Malam ƙasa-ƙasa, ba irin ta karatu ba.

“Ya Allah, ga Sule a kan hanya. Shi yake ɗauke da gidan nan, ni na san nauyin. Ka kai shi lafiya, ka dawo mini da shi lafiya.”

Ta kai ƙarshen wani zaman, haka. Wani azumin daban, haka. Duk inda rikoda ta yi jinkirin mutuwa, addu'ar nan tana nan. Na kifa kaina a tebur na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza. Ita ta bar ni na gama, sannan ta ɗauko kaset sabo, don ta san rediyon motar Yaya kaset yake ci. Ta juye zama ɗaya cikakke, tun daga bisimilla har wutsiyar. Ta ce in ba direban da ke zuwa Nguru, kuma kada in haɗa da ko kalma ɗaya. Na ce ko a fara masa da addu'ar, kada ya kashe kafin ya kai. Ta ce a'a, ya daɗe yana son ya zauna a tafsirin nan, a bar shi ya zauna har a tashi.

Aka kwana biyu ba labari. Ran nan da hantsi ina goge kanta sai na ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofa. Yaya ne, shi kaɗai, ba direba. Idanunsa sun kumbura. Bai gaishe ni ba, ya wuce ni ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ya cire takalmansa, ya yi sallama kamar baƙo. Ummanku tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta saki rariya ta ja mayafi ta durƙusa, kanta a ƙasa. Ya juyo wurina, muryarsa a dishe.

Ya ce, “Ka faɗa mata...”

Sai ya tsaya. Ya girgiza kai. Ya tattara babbar rigarsa, mutumin da ya girme ni, wanda gidanmu kaf yake durƙusa wa, ya tsuguna a ƙasa a bakin ƙofar nan, ya fuskance ta.

Ya ce, “Falmata. Da na sa wayar nan, da na mutu ina zaton ubana yana fushi da ni. Ki yafe mini.”

Ku tambaye ni abin da ta yi. Jin sunanta a bakinsa, da ganinsa a tsugune, sai ta rufe fuska da hannu biyu ta tashi da gudu ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta bar gari a faifai kaji suna ci. Muka yi ta kira ta ƙi fitowa. Can sai muryarta ta fito ta bayan ƙyaure.

“Maigida, don Allah ka faɗa wa Yaya ya tashi daga ƙasa.”

Wannan ita ce matar da aka ce muku ba ta da kunya.